Sunan da Na Goge

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a unguwar Hausari sun sani, waɗanda ba su san ni ba kuwa babu abin da sunan zai ƙara musu. Da ku nake, samarin da nake gani yanzu kowa da kyamara a hannu, kuna ta neman tallafi don ku yi fim a kan talakawa. Ni ma na taɓa samun irin wannan tallafi, tun zamanin da kyamara ke sa kafaɗa ta yi kanta, kuma shi ya kai ni gidan yari. A'a, ƙarya na yi. Ni na kai kaina.

Tun ina yaro ni mai mafarki ne ido biyu. Mahaifina wankin hula yake yi a gindin wata bishiyar dogon yaro a Hausari. In ya aike ni kai hula unguwar Limanti sai in ɓata, ba don ban san hanya ba, sai don na tsaya kallon yadda rana ke ratso ganye tana zuba a jikin bango. Tsohuwarmu takan ce, “Wannan yaro jikinsa ne kawai a gidan nan.” In na samu shiga sinima kuwa, jama'a na kallon farin bango, ni ina ɗaga kai ina kallon hasken da ke fitowa daga ɗan tagar baya, ƙwari na iyo a cikinsa. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda mutum guda, da dariyarsa da kukansa, zai shige cikin siririn hasken nan ya fito a bango da ransa.

Da na girma na koyi ɗaukar hoto, da bidiyo ya shigo gari kuma na koma ɗaukar biki da kyamarar haya. Kaset a wurin Oga Emeka nake saya, wani Ibo mai shagon talabijin a kasuwa, wanda yake jin Kanuri har ya fi ni. Ba ni da kuɗi, amma salla ba ta wuce ni, kuma ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Wallahi haka nake.

Wadda ta buɗe mini ƙofa Madam Rifkatu ce, 'yar kudancin Barno, tsohuwar malamar makaranta da ta koyar da ƙanwata. A lokacin ta koma aiki da wata ƙungiya ta ƙasar waje mai taimakon masu yin fim na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba. Ta ga wani kaset ɗin biki da na ɗauka, inda na bar amarya da danginta na bi wata tsohuwa mai wanke tukwane a bayan gida. Masu bikin sun zage ni a kan haka, ita kuwa sai ta aiko a kira ni.

Ta ce, “Ɗana, kai kana ganin mutane. Akwai waɗanda ba mai ganinsu.”

Masu jiran shari'a take nufi. Zamanin soja ne, ana iya kama mutum a ajiye shi a manta, ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a kuma sake shi ba. Ƙungiyar na son fim a kan iyayensu da matansu, a nuna wa lauyoyi da manya ko a samu a duba. Madam ta tsaya mini, ta sa hannu a madadina. Aka ba ni sabuwar kyamara, da kwalin kaset, da kuɗin zirga-zirga. Ranar da na ɗauko su ban shiga tasi ba, da ƙafa na taho, ina jin kamar ƙasa ba ta taɓa ni.

Aikina na farko a wani ƙauye ne bayan Konduga, wurin wata tsohuwa, Ya Falmata. Ɗanta na fari, Bukar, an kama shi ranar kasuwa da aka yi faɗa a kan iyakar gona, aka kwashi duk wanda aka gani. Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, shiru. Ita kuma ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya hawa mota ta je ganinsa.

Da na isa ta ce in jira. Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito cikin lafayarta ta salla, ƙamshin turaren wuta na binta. Na yi dariya na ce, “Ya, ai turare ba ya shiga kaset.”

Ta dube ni ta ce, “Kai ka sani?”

Ta zauna a tabarma ta fara magana da Kanuri, a hankali, hannunta na shafa gwiwa. Ba ta kiran sunan ɗan, kun dai san kunyar ɗan fari, sai “yaron nan” take cewa. Ta yi magana har inuwa ta matsa daga kanta. Me ta ce? Ga inda zan fara jin kunya. Idon kyamarar wancan zamani baƙi da fari yake nuna komai, in ka sa naka idon a ciki sai duniya ta yi nisa, ta yi shiru. Ina ganin bakinta na motsi, ni kuwa ina can cikin jirgin sama, ina can wani babban zaure Turawa na tafa mini. Na bar wa kaset aikin saurare, ni na tafi yawona.

Can ta ɗaga hannu ta kori matan da suka taru a bakin zana. Da suka fita ta matso ta ce, “Shi zai ga wannan?”

Na ce, “Zai gani mana.” Haka kawai na faɗa, yadda ake cewa sai gobe.

Sai ta dubi cikin gilashin kyamarar sosai, ta kira sunansa. “Bukar.” Sau ɗaya, a hankali. Sannan ta ja gefen lafaya ta rufe fuska tana 'yar dariya, kafaɗunta na rawa. Wannan kam na ji, don ya farkar da ni. Da na dawo gida na ciro kaset ɗin na karya masa ɗan harshen nan na gefe, wanda in aka karya ba za a iya sake ɗaukar wani abu a kai ba. Da hannuna na karya shi, don kada wani ya goge bisa kuskure.

To, ku ji yadda ake lalacewa. Ba a yin ta da gudu. Cikin kuɗin mota na fara sayen takalmi, na ce mai yin fim ba ya yawo da silifas. Sai shadda. Sai na ga ai babur zai rage kashe kuɗin tasi. Kowane abu da hujjarsa, kuma hujjar kan yi kyau a kunnena. Da Madam ta nemi rasit na je wurin Oga Emeka ya rubuta mini na kayan da ban saya ba. Ya ce, “Aboki, ni ba na wannan.” Na ji haushinsa, na samu wani ya rubuta. Ta karɓa ba ta ko duba ba, don ta yarda da ni, aka sake turo kashi na biyu.

Daga nan na sayar da kwalin kaset. Amma ban daina zuwa gidajen mutane ba, don labari ya bazu cewa akwai wani mai kyamara da ke aika kukan mutane ƙasar waje. Sai in je in ɗora kyamara a kafaɗa, babu komai a cikinta, in ce, “To, bismilla.” Mata su yi ta kuka gaban akwatin da ba kowa a ciki. In sun gama in ce batir ya yi tsada, su kwance bakin zane su ba ni abin da ya samu. Abin mamaki, ni kaina a lokacin ina ganin fim ɗin a raina, na san inda zai fara da inda zai ƙare, har kiɗan da zan sa na zaɓa. Ban taɓa kiran kaina ɓarawo ba. Cewa nake yi ban dai gama ba tukuna.

Ranar wata Asabar wani Alhaji a Limanti ya aiko a kira ni, yana aurar da 'yarsa, mai ɗaukar da suka yi alkawari da shi bai zo ba. Ya ambaci abin da zai biya, na ji kaina ya sara. Na garzaya kasuwa, Oga Emeka ya ce babu bashi. Na dawo ɗaki na birkita ko'ina, kaset ɗaya tal na samu, wanda na rubuta wa Konduga a jiki. Na riƙe shi na ɗan tsaya. Ba zan ce ban tsaya ba. Na ce a raina ai tsohuwar na nan, Konduga ba nisa, sai in koma in sake ɗauka. Na yanki salatif na manne ramin da na karya da hannuna, na tura shi cikin kyamara. Aka yi ta busa algaita, ana liƙi, ni ina ɗauka a kan fuskar Ya Falmata. Da aka tashi na miƙa wa Alhaji kaset ɗinsa.

Ban koma Konduga ba. Ƙarshe kyamarar ma na sayar, na je wurin Madam da hawaye na ce ɓarayi sun fasa mini ɗaki. Har addu'a ta yi mini. Allah da ikonsa, wanda ya saya ya kai ta gyara shagon Oga Emeka, shi kuma ya gane tambarin ƙungiyar a ƙarƙashinta. Aka kama ni. Da labari ya fita, matan da na yi wa fim da iska suka cika harabar kotu, ba su zage ni ba, kallona kawai suke yi. Alƙali ya yanke mini ɗauri. Ƙungiyar ta tattara tallafinta daga garin, Madam ta rasa aikinta.

A gidan yari, saboda cunkoso, an haɗa mu ɗaki ɗaya da masu jiran shari'a. Ban daɗe ba wani dogon mutum mai tsagen Barebari ya zo ya tsuguna gabana. Ya gaishe ni da Kanuri ya ce, “Wushe. An ce kai ne mai kyamara. Kawuna ya gaya mini ka je wurin tsohuwata.”

Bukar ne. Na ce masa tana lafiya? Ya ce ta rasu da damina. Na kasa ko yi masa ta'aziyya yadda ya kamata. Shi kuwa ba faɗa ya kawo shi ba. Ya ce, “Kaset ɗin yana ina?” Na ce yana ƙasar waje. Ya gyaɗa kai, ya ce, “To kafin ya dawo, gaya mini abin da ta ce.”

Ku dubi halina. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na buɗe sinima. Akwai wata 'yar taga a sama, da la'asar takan jefo haske a bango, faɗinsa bai fi faifai ba. Kullum in hasken ya sauko sai Bukar ya zo ya zauna kusa da ni, mu zuba wa wurin ido, ni ina ba da labari. In ce ga ta nan ta fito, ga lafayarta, ga kaji na wucewa. In ce ta ce kada ka damu, gero ya yi kyau bana. Shi kuma ya ba ni rabin abincinsa, ya bar mini wurin kwanciyarsa da iska ke ɗan shigowa. Ɗakin duka kan yi tsit. Har ni kaina nakan gan ta a bangon, tana motsi cikin ƙurar da ke iyo a hasken.

Na sha yin tuntuɓe. Wata rana na ce ta ce saniyarku ta haihu. Ya ce, “Ba mu da saniya.” Na ce ta maƙwabta ce. Sai ya ce in ci gaba. Ya sani, wallahi ya sani. Amma ba shi da wani mai nuna masa uwarsa sai ni.

Har ranar da ƙaryata ta ƙare. Na dubi bangon babu abin da ya zo mini, sai abu ɗayan nan da na ji da kunnena. Na ce, “Bukar, akwai abin da ban gaya maka ba. A ƙarshe ta kori mata, ta dubi kyamara, ta kira sunanka.”

Ya juyo a hankali. “Ta kira me?”

“Sunanka. Ta ce Bukar.”

Ya miƙe tsaye. Ya ce, “Saniya na haɗiye. Gero na haɗiye, alhali dawa muke nomawa. Amma wannan, kai! Ni ne ɗanta na fari. Tun da ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ko ran da na faɗa rijiya ‘yaron nan’ ta yi ta ihu. Ka ci kuɗin mutane, ka ci tuwona, yanzu kuma za ka ɗora wa matacciya rashin kunya?”

Na rantse, na sake rantsewa. Wa zai yarda da rantsuwata? A nan na faɗa masa komai, har salatif ɗin. Bai doke ni ba, na so ma ya doke ni. Ya ɗauke tabarmarsa ya koma ɗaya kusurwar, bai ƙara yi mini magana ba. La'asar ta ci gaba da jefo haskenta a bango, ba mai kallo. Ban taɓa jin baƙin ciki irin wannan ba. Gaskiya ɗaya tak nake da ita a duniya da zan ba mutumin nan, na kuwa riga na ɓata bakin da zai faɗe ta.

Ni mai laifi ina da ranar fita, shi marar laifi ba shi da ita. Wa'adina ya cika na fito na bar shi a ciki. Kafin in je gida gidan Madam na nufa. Na same ta tana koyar da yaran unguwa a baranda. Na durƙusa. Ta ce, “Tashi, ba ni ka ci ba.” Na ba ta sunan Bukar da ƙauyensu. Ba ta da ofis, ba ta da tallafi, amma ta san wani lauya a cocinsu, ta yi ta sintiri da ƙafarta. An daɗe, amma an sako shi.

Ni kuma na tafi Limanti gidan Alhaji, na roƙi aron kaset ɗin bikin. Sai da aka yi ta nema kafin a same shi a ƙasan akwati. Abin da ya sa na nema, na tuna bikin bai kai tsawon maganar tsohuwar ba, ko Allah zai sa wani abu ya rage a wutsiya. Ban iya kallo ni kaɗai ba. Na aika Konduga na roƙi Bukar ya zo, ban sa ran zai zo ba, sai ga shi. Oga Emeka ya ba mu kujeru a cikin shagonsa, ya kunna talabijin, ya fita ya tsaya a ƙofa.

Na tura kaset gaba da sauri. Masu rawa suna ta tsalle-tsalle, amarya ta shiga ta fita, aka yi ta liƙi. Sai biki ya yanke. Allon ya cika da yayyafi fari da baƙi, yana shuuu. Sai ga ta.

Ga tabarma, ga zana, ga inuwa ta matsa gefe. Bakinta a rufe yake, ta riga ta gama faɗa. Muna kallo ta ja gefen lafaya ta rufe fuska tana 'yar dariya, kafaɗunta na rawa. Ta ɗan leƙo da ido ɗaya, ta sake rufewa. Shi ke nan, kaset ya ƙare.

Bukar ya sauko daga kujera ya durƙusa gaban talabijin, ya kai fuskarsa dab da gilashin yana jan numfashi. Ban san abin da ya shaƙa ba. Ni dai a shagon da ba komai sai warin roba da waya, na rantse turaren wuta na ji.

Ya ce, “Mayar baya.”

Na mayar. Algaita ta cika shagon.

“Ba nan ba. Gaba kaɗan.”

Yayyafi, sai lafaya a fuska. Muka yi ta yi, baya, gaba, baya, gaba, ko za mu kama bakinta a buɗe. Babu. Daidai wurin da ta kira sunan algaitar ta hau.

Ya daɗe yana kallon uwarsa tana ɓoye fuska. Shi ya san ta, ya san abin da kaɗai zai sa ta wannan kunyar. Bai juyo ba ya ce, “Da ƙarfi ta faɗa ko a hankali?”

Na ce, “A hankali. Sau ɗaya.”

“Faɗa yadda ta faɗa.”

Na gyara murya, na yi iya ƙoƙarina na ce, “Bukar.” Muryar ƙaton namiji ce ta fito, muryar da ta yi masa ƙaryar saniya. Ya girgiza kai ya ce, “Bari.” Ya tashi ya kaɗe gwiwarsa, ya yi wa Oga Emeka godiya, ya tafi tasha. Bai ce ya yafe ba, ba ni kuma da fuskar tambaya.

Na tuba, na koma gindin dogon yaron mahaifina ina wankin hula, har yau kuma shi nake yi. Na bi gidajen matan nan ɗaya bayan ɗaya, wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, kuma suna da gaskiya. Ban ƙara ɗora kyamara a kafaɗa ba.

Saboda haka, 'ya'yana, in an ba ku tallafi ku yi fim a kan masu kuka, ku sani kuɗin ba naku ba ne ko na takalmi, don daga takalmi na fara. In kun zauna gaban mutum kada ku bar wa na'ura saurare ku tafi yawon mafarki, ku ji da kunnenku. Kada ku ce wa tsohuwa “zai gani” sai in kun shirya kai masa da ƙafarku. Kyamara an biya, ɗauri na yi na gama. Amma wata baiwar Allah ta danne kunyar rayuwarta duka ta kira sunan ɗanta sau ɗaya, ta ba ni ajiya in kai masa, ni kuma na sa salatif na ɗora algaita a kai. Bukar yana nan da ransa a Konduga, ya yi furfura, har yau bai ji ba.